Thunderbird yana daskarewa, asusun imel shida ne a ciki: ta ina zan fara?

Ummu_Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu ilimin kwamfuta ku taimaka min. Ina aiki a wani ofishin shirya tafiye-tafiye a nan Kano, harkar Umara da biza da tikiti. Duk wasiƙun ofis ta kwamfutar teburina suke bi, a manhajar imel ta Thunderbird. Asusu shida ne a ciki: Gmail uku, Yahoo ɗaya tun na farkon buɗe ofis, sai biyu na adireshin kamfaninmu. Yau kusan wata biyu ke nan, da na buɗe shi da safe sai ya yi fari fat, a sama ya rubuta Not Responding, in zauna ina kallonsa minti goma ko fiye. In ya farfaɗo, ina cikin rubuta amsa sai haruffan su tsaya, can kuma su zubo gaba ɗaya. Jiya wani dattijo ya zauna a gabana yana jiran in tura takardunsa, har aka kira la'asar ban tura ba. Abin ya dame ni ƙwarai, ga azumi na matsowa, lokacin da aiki ya fi yi mana yawa. Windows 10 ce, RAM 4GB. Ta ina zan fara?

Yaro_Mai_Waya:
Wa alaikumus salam Anti. Ki cire shi ki sake ɗora sabo, an gama.

Mai_Gyara_Zariya:
Wa alaikumus salam. Ƙanina Yaro_Mai_Waya, wannan ba zai yi magani ba. Manhajar daban take, wasiƙun da saitin kuma suna wata folda daban da ake kira furofayil. In ta cire ta sake ɗorawa, sabon zai je ya ɗauki tsohon furofayil ɗin nan da duk nauyinsa, a koma gidan jiya.

Hajiya, kafin a taɓa komai ki ba mu amsar abu uku. Asusun nan IMAP ne (mai barin wasiƙu a sabar, wato kwamfutar masu ba da imel) ko POP (mai kwaso su zuwa kwamfutarki)? Za ki gani a Account Settings, ƙarƙashin Server Settings na kowane. Na biyu, lokacin da ya daskare ki danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai fito, ki gaya mana wanne ne ya cika tsakanin CPU da Memory da Disk. Na uku, a cikin Thunderbird ki shiga Tools, ki buɗe Activity Manager, ki karanta mana abin da yake cewa yana yi.

Ummu_Sadiq:
Na gode Malam. Biyar IMAP ne, ɗaya daga cikin na kamfani POP ne. Disk yana kan 100% bai sauka ba, Memory kuma 80 da wani abu. A Activity Manager yana ta maimaita cewa yana sauke saƙonni a All Mail, yana kuma yin indexing. Adadin da na gani na asusu ɗaya ya haura dubu arba'in.

Mai_Gyara_Zariya:
Yauwa, zancen ya fara fitowa. Bari in ɗan tsawaita, domin da yawa a nan suna da wannan matsalar ba su san tushenta ba.

Gmail ba shi da folda irin wadda muka saba. Abin da yake da shi lakabi ne: wasiƙa ɗaya ce, sai a manna mata lakabi biyu ko uku. Amma idan aka haɗa shi da Thunderbird ta IMAP, kowane lakabi sai ya bayyana a matsayin folda mai zaman kanta. To ga Inbox, ga Important, ga Starred, ga lakabin da kuka ƙirƙira da kanku, sannan ga All Mail wanda ya tattara kusan komai. Idan an bar saitin da ke cewa a ajiye kwafin kowace folda a kwamfuta, wasiƙa ɗaya za ta sauko sau biyu, sau uku, har sau huɗu. Ku kuma aikinku na hoton fasfo ne da takardun biza, kowace wasiƙa da kayanta a goye. Ki lissafa wannan sau asusu uku, na shekaru.

Sannan Thunderbird, a yadda yake zuwa, yana zuba duk wasiƙun folda ɗaya a cikin fayil guda ɗaya, ana ce masa mbox. Inbox ɗinki ba wasiƙu dubu ashirin ba ne a faifai, ƙaton fayil ɗaya ne. Idan kin goge wasiƙa ba ta fita daga fayil ɗin nan take, alama kawai ake yi mata a ɓoye ta. Sai an yi Compact take fita da gaske. Wanda ya shekara biyar yana gogewa bai taɓa yin Compact ba, shara ce ya share ya tara a bayan ƙofa.

Alhaji_Tikiti:
Kafin kowa ya ce mata ta danna Compact, ina roƙo a fara gaya mata ta kwafe furofayil ɗin. Ni abin ya ci ni. Shekarun baya ina da asusun POP, na danna Compact a kan Inbox mai girma, yana tsakiyar aiki aka ɗauke wuta, ba UPS. Da aka kunna janareta na buɗe, folda ta rikice, wasiƙun da na fi buƙata ban ƙara ganinsu ba, a sabar kuma babu, don POP ya riga ya kwashe su ya share can. Hajiya ta ce ɗaya daga cikin nata POP ne. Wannan asusun, mai yiwuwa kwafin da ke kwamfutar nan shi kaɗai ne a duniya.

Mai_Gyara_Zariya:
Gaskiyarka Alhaji, da shi ya kamata in fara. Hajiya, ki rufe Thunderbird ruf. Ki danna maɓallin Windows da R, ki rubuta %APPDATA%\Thunderbird ki danna Enter. Duk abin da kika gani a wurin ki kwafe shi zuwa faifan waje. Ki duba girman foldar Profiles ki gaya mana. Kada ki kwafa manhajar tana buɗe.

Binta_Lissafi:
Ni tambayata, me ya hana ku buɗe su a burauza kawai? Gmail yana barin mutum ya shiga asusu da yawa ya riƙa sauyawa. Mu a ofishinmu haka muke yi, ba ruwanmu da wata manhaja.

Ummu_Sadiq:
'Yar'uwa Binta, na gwada. Shafi shida a buɗe a kwamfuta mai RAM 4GB, ita ma burauzar sai ta fara jan ƙafa. Kuma intanet ɗinmu yakan yanke. Idan mahajjaci ya zo yana tambayar takardar da aka turo masa wata uku baya, a Thunderbird ina iya fito da ita ko ba intanet. Wannan ne dalilin da ya sa nake riƙe da shi.

Malam Mai_Gyara, na kwafe. Foldar Profiles 61GB ce. Faifan kwamfutar kuma saura 9GB.

Sani_SysAdmin:
Subhanallah, 61GB. Gmail na kyauta 15GB ne gaba ɗayansa, har da Drive da Photos. Wannan alama ce ta cewa wataƙila akwai maimaici da sharar da ba a kwashe ba. Amma a lura: Compact yana rubuta sabon fayil ne tukuna kafin ya jefar da tsohon, saboda haka yana buƙatar fili. Da saura 9GB, in ta fara da babbar folda zai iya tsayawa a hanya. Ta fara da ƙanana, ta kwashe Trash da Junk, fili ya samu, sannan ta hau manyan.

Yaro_Mai_Waya:
To ta goge duk abin da ke All Mail mana, tunda maimaici ne.

Sani_SysAdmin:
A'a! Don Allah Hajiya kada ki yi wannan. A sabar Gmail wasiƙar guda ɗaya ce. In kika jefa ta Trash daga All Mail, ta tafi daga Inbox da kowane lakabi, bayan kwana 30 kuma Gmail ya share ta har abada. Maimaicin a kwamfutarki yake, ba a sabar ba. Abin da za a hana shi ne saukowa, ba a goge wasiƙa ba.

Mai_Gyara_Zariya:
Hanyar da nake bi ita ce danna dama a kan sunan asusun, Subscribe, a cire alamar da ke gaban All Mail da Important da Starred. Shi ke nan sun ɓace daga Thunderbird, suna nan lafiya a sabar.

Sani_SysAdmin:
A nan na ɗan saɓa da kai, Malam. Important da Starred na yarda. Amma All Mail, duk wasiƙar da aka yi wa Archive a Gmail can kaɗai take zama. In wani a ofishin yana yin Archive daga waya, Hajiya za ta nemi wasiƙa ta rasa, ta ɗauka ta ɓace. Ni na fi son a bar foldar tana nan, a shiga Account Settings, Synchronization & Storage, a danna Advanced, a cire alamar saukewa daga gabanta. Kanun wasiƙun za su bayyana, jikin kuma sai an danna zai sauko. A shafin nan kuma akwai inda za ta ce a ajiye na kwanaki kaza na baya-bayan nan kawai, da inda za ta hana sauke wasiƙar da ta wuce wani girma.

Mai_Gyara_Zariya:
Na karɓi gyara game da Archive. Sai dai ko kanun wasiƙa dubu arba'in nauyi ne ga irin wannan kwamfutar. Ita ta san yadda suke aiki, ta zaɓa.

Moussa_Damagaram:
Salamu alaikum daga Damagaram. Ina bin zancen nan da kyau don nawa ma haka yake yi, asusu huɗu. Sai dai nawa da Faransanci yake, ban ga Compact ba.

Sani_SysAdmin:
Malam Moussa, a naka Compacter ne. Ka danna dama a kan foldar za ka gan shi. Wurin duk ɗaya ne, suna ne kawai ya bambanta. Kai ma ka kwafe furofayil tukuna.

Dr_Kwamfuta:
Duk kun yi bayani mai kyau amma kun tsallake abin da ta faɗa da bakinta: Disk 100%. Na tabbata faifan nan irin na da ne mai juyawa, HDD. Windows 10 da RAM 4GB a kan HDD, ko ba Thunderbird wahala ce, domin da RAM ya cika sai Windows ta koma tana aro daga faifai, faifan kuma dama yana fama da wasiƙu. A sa mata SSD, faifan zamani mai sauri da ba ya juyawa, a ƙara RAM ya kai 8GB, rabin zancen nan ya ƙare. A Kano ba abin wahalar samu ba ne. Kuma oganku ya sani, Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Kwamfutar da ke ɗauke da fasfo na jama'a bai kamata a bar ta haka ba.

Alhaji_Tikiti:
Likita, SSD gaskiya ne, amma ma'aikaciya ce, ba ita ke riƙe da lalitar ofis ba. A bari ta yi abin da ba ya cin kuɗi tukuna. Kuma in an sa SSD aka kwashe 61GB na tarkace aka mayar, an sauya wa kaya jaki ne kawai, kayan suna nan.

Hauwa_Sec:
Ba wanda ya ambaci manhajar kariya daga bairos. Ni tawa matsalar daga nan ta fito. Duk sanda sabuwar wasiƙa ta shigo, fayil ɗin Inbox ya canza, sai mai kariyar ya tashi ya sake bincike a kansa, shi kuma fayil ne mai gigabait da yawa. Wani ya nuna min na sa foldar furofayil cikin waɗanda ba a bincikawa, tun daga ranar ban sake ganin Not Responding ba.

Binta_Lissafi:
Wannan ba haɗari ba ne? Ofis irin nasu kullum baƙi ke turo musu fayil. Ta imel ɗin ai ɓarayin intanet suka fi shigowa.

Sani_SysAdmin:
Tambaya ce mai kyau. Fayil ɗin da ke maƙale a wasiƙa, muddin yana kwance cikin mbox, ba ya iya tashi ya yi aiki. Sai an buɗe shi ko an ajiye shi, a lokacin ne ake fitar da shi zuwa wata folda ta daban, can kuma mai kariya yana gadi. Har ma akwai haɗari ta ɗaya ɓangaren: mai kariya ya ga bairos a wasiƙa ɗaya ya kama duk fayil ɗin Inbox ya kulle. Shi ya sa Thunderbird yake da wani saiti a Privacy & Security da ke ba mai kariya damar kama wasiƙa ɗaya tilo tun tana shigowa. Ga mai POP yana da amfani.

Dr_Kwamfuta:
Ni dai ba na ba ma'aikatan ofis shawarar cire wata folda daga bincike. Ilimin da Sani yake da shi ba kowa ke da shi ba. A gwada sauran tukuna.

Ummu_Sadiq:
Ga inda aka kwana. Na tsaya bayan an tashi aiki, inbata a cike. Na bi hanyar Malam Sani: na bar All Mail amma na hana saukewa, na cire Important da Starred a asusu ukun. Na kwashe Trash da Junk, na yi Compact daga ƙanana zuwa manya. Ya ɗauki lokaci sosai, sai bayan isha na bar ofis. Yanzu Profiles ta koma 38GB. Rubutu ya daina tsayawa, Alhamdu lillahi. Amma wajen buɗewa har yanzu yana daskarewa kamar minti uku, kuma Yahoo yana ta fito min da akwatin neman kalmar sirri, in na sa ya ƙi karɓa.

Mai_Gyara_Zariya:
Madalla. Na Yahoo ɗin, ki duba Server Settings, wajen Authentication method. In Normal password ne, ki mayar da shi OAuth2, wato shiga ta shafin Yahoo ɗin kansa, haka ma a Outgoing Server. Manyan masu ba da imel sun bar tsohuwar hanyar: Google ta rufe ta ga asusun mutane a ƙarshen Mayun 2022, Microsoft kuma ga Outlook.com da Hotmail a Satumbar 2024. Da kin canza, shafin shiga zai fito a cikin Thunderbird, ki shiga ta nan. In shafin ya ƙi wucewa, ki tabbata an bar cookies a buɗe a Privacy & Security. Asusun da ke ta ƙoƙarin shiga ana mayar da shi, shi ma yana ƙara jinkiri.

38GB har yanzu da yawa. Tsofaffin kwafin All Mail da suka riga suka sauko wataƙila suna nan kwance. Ki danna dama a kan foldar, Properties, Repair Folder, zai sake gina ta bisa sabon saitin.

Garba_Outlook:
Mu masu Outlook ma kada mu ɗauka mun tsira. Fayil ɗin da yake ajiye wasiƙu a ciki, OST ko PST, iyakarsa 50GB ne a yadda yake zuwa tun daga Outlook 2010, kuma tun kafin ya kai nan yake fara nauyi. Abin da Sani ya faɗa na rage kwanakin da ake ajiyewa, mu ma muna da shi a saitin asusu. In ana zargin wani ƙari (add-in) ne da aka ɗora wa manhajar, a rubuta outlook.exe /safe a akwatin Run, wanda maɓallin Windows da R ke fito da shi.

Sani_SysAdmin:
Ka tuna min, Malam Garba. Thunderbird ma yana da irinsa, Troubleshoot Mode, a ƙarƙashin Help, ko a riƙe Shift lokacin buɗewa. Yana kashe duk ƙarin da aka ɗora na ɗan lokaci. Hajiya ki gwada: in ya buɗe da sauri a haka, to wani ƙari ne, ko saitin hardware acceleration da ke Settings, General.

Sai maganar fihirisa. A cikin furofayil akwai fayil mai suna global-messages-db.sqlite, shi ne fihirisar binciken duk asusun. In ya kumbura ko ya lalace, misali wuta ta ɗauke yana cikin rubutu, yakan sa manhajar ta yi ta juyawa wuri ɗaya. Ki rufe Thunderbird, ki goge shi, ki buɗe. Ba wasiƙa ko ɗaya a cikinsa, zai sake gina kansa.

Hauwa_Sec:
Ni kashe binciken duk asusun nan, Global Search, na yi gaba ɗaya. Quick Filter mai duba folda ɗaya ya ishe ni.

Ummu_Sadiq:
Ni ba zan iya kashewa ba Hauwa. Mutum zai zo ya ce sunana wane, ban san ta wane adireshi ɗansa ya turo fasfo ba. Sunan nake rubutawa sau ɗaya ya duba min duka shida.

Alhaji_Tikiti:
To ki yi gogewar fihirisar ranar Juma'a da yamma ko ranar da ba jama'a, don sake ginin yana cin awoyi kuma kwamfutar za ta yi nauyi har ya gama. Repair Folder kuma a kan foldar IMAP da ake ajiye kwafinta, sake saukewa yake yi daga farko. Ki lura da datar ofis.

Mai_Gyara_Zariya:
Ƙari a kan na Alhaji: Gmail yana da iyakar 2500MB a rana na saukewa ta IMAP ga kowane asusu, in an wuce yakan dakatar na wani lokaci. Kuma haɗi 15 kawai yake bari a lokaci guda. Thunderbird shi kaɗai yana riƙe har 5 ga kowane asusu, to in oga da sauran ma'aikata duk sun sa asusun a wayoyinsu da wata kwamfutar, ana iya cika 15 ɗin. Hajiya, mutum nawa ke buɗe babban Gmail ɗin?

Ummu_Sadiq:
Mu biyar ne, da kwamfutar oga ta gida.

Dr_Kwamfuta:
Mutum biyar da kalmar sirri ɗaya, a akwatin da ke cike da fasfo ɗin mutane. Wannan ya fi damuna a kan jinkirin. In ɗaya ya bar aiki ana canza kalmar? Kuma faifan wajen da kika kwafe furofayil a kai, duk takardun nan suna ciki, har da kalmomin sirrin da aka ajiye. Ki kulle shi a inda ya dace, kada ya zama wanda ake ba yara su je shagon buga takardu da shi.

Ummu_Sadiq:
Wallahi ban yi tunanin wannan ba, Likita. Faifan yana jakata yanzu, gobe zan miƙa wa oga ya sa a sef, zan kuma yi masa maganar kalmar sirri da ta SSD tare.

Sakamakon yau: Yahoo ya karɓa da OAuth2. Na goge fihirisar, ya kwana yana ginawa. Profiles 22GB. A Troubleshoot Mode ban ga wani bambanci ba. Da safe yana buɗewa cikin ƙasa da minti ɗaya, amma da zarar ya fara duba asusu shidan lokaci guda sai ya ɗan tsaya, daƙiƙa ashirin ko talatin, Disk ya hau 100% ya sauko.

Sani_SysAdmin:
Ki cire alamar Check for new messages at startup a asusun da ba a cika amfani da su ba, ki kuma bambanta mintunan dubawa, kada duk su tashi tare. In kina amfani da Unified Folders, mai haɗa foldojin duk asusun wuri ɗaya, ki kashe na kwana biyu ki gani.

Dr_Kwamfuta:
Wannan ragowar faifan ne. Ba saitin da zai cire shi.

Hauwa_Sec:
Ko mai kariyar ne. Har yanzu ba ta gwada nawa ba.

Moussa_Damagaram:
Ni na yi Compacter, ya ragu sosai, na gode muku. Amma yanzu wata folda tana nuna wasiƙu 12 da ban karanta ba, in na shiga ba komai a ciki. Ita ma gyaran foldar da Malam Mai_Gyara ya faɗa zan yi mata, ko akwai wani abu daban? Asusun POP ne.